Jinyar Inna tsakanin hawan jini da ciwon mantuwa

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata. A cikin birnin Kano aka haife ni, a gidan da ba ya rabuwa da ƙamshin gyaɗa, domin sana'ar Inna ke nan tun kafin in yi wayo: matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli. Ita ce kuma uwar adashin matan layinmu. Ba ta yi boko ba, karatun allo kawai ta yi, amma duk lissafin adashin a kanta yake. Ta san wadda ta zuba, da wadda ta ce a yi mata haƙuri sai gobe, da wadda kwasarta ta zo, da wadda ta roƙi a ba ta kafin lokacinta saboda biki ya taso mata. Ban taɓa ganin ta sa an rubuta mata komai ba, ban kuma taɓa jin an yi jayayya da ita a kan ko kwabo ba. Saboda alkunya ba ta faɗin sunana. "Ke" take ce min, in kuma zancena take yi da wani sai ta ce "yarinyar nan", har bayan na tara 'ya'yana. Na tashi ina shakkarta, ina kuma alfahari da ita.

Wanda ya gan ta yau ba zai yarda ita ce ba. Ina rubuta labarin nan ne saboda na san gidaje da yawa akwai tsoho ko tsohuwa a irin halinta, ana ta fama a ɓoye, kowa yana jin nauyin faɗa.

Hawan jininta an gano shi ne a wurin gwajin lafiyar maniyyata, shekarar da za ta sauke farali. Ma'aikaciyar ta auna, ta sake aunawa, ta ce a lambobi biyu na awon, na sama ya haura 180, alhali daga 140 bisa 90 ake cewa jini ya hau. Inna ta yi dariya ta ce ita lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba ta ji. Ta sha maganin har ta je ta dawo, daga nan sai ya koma na ranar da ƙeya ta riƙe ta. A unguwarmu haka kowa ya ɗauki hawan jini: ciwon tunani ne, in hankali ya kwanta shi ma ya kwanta. Ana cewa jiki magayi, to hawan jini ba ya cikin abin da jiki ke gaya wa mai shi. Mutum yana cin tuwonsa, yana zuwa biki da suna, ciwon yana can yana lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya da ido. Bayan rasuwar Baba, da ta fita takaba, sai ta watsar da asibiti gaba ɗaya. In ta ji jiri a kai ta kemis a auna, a ƙirgo mata ƙwayoyin 'yan kwanaki a ƙulle a leda. Shekaru aka kwashe a haka.

Adashin ne ya fara nuna mana akwai matsala. Wata mata ta zo karɓar kwasa, Inna ta ce ai ta ba ta tun shekaranjiya. Matar ta rantse, Inna ta rantse. Da muka ɗaga katifa sai ga kuɗin a ƙulle cikin tsumma. Aka sake yin haka da wata, sai magana ta fara yawo a layi wai Hajiya ta fara cin amana. Wannan maganar ta fi komai ƙona min rai, har yau in na tuna sai in ji ɗaci a maƙogwaro. Matar da ta tsufa tana riƙe da kuɗin mutane ba a taɓa samun ta da gibi ba, yau ita ake yi wa kallon ɓarauniya, ita kuwa ba ta ma san abin da ke faruwa da ita ba. Ni da ƙannena muka haɗa kuɗi muka sallami kowa, muka ce Inna ta huta. Ta yi kwanaki ba ta yi mana magana ba.

Daga nan abubuwa suka biyo baya. Ta zuba gishiri a miya ta manta ta ƙara. Ta idar da azahar ta tashi ta sake kabbarawa. Ta fita za ta gidan ƙanwarta, hanyar da take bi tun tana budurwa, sai wani mai Keke Napep ne ya dawo mana da ita. Wata safiya kuma bakinta ya karkace, magana ta sarƙe mata, kofin da ke hannunta na hagu ya suɓuce. Kafin hantsi ta ware kamar ba a yi ba. Dangi suka ce iska ce ta buge ta, wasu suka ce sammu ne daga masu jin haushin adashi. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Ban raina addu'a ba, har gobe muna yi mata tofi safe da yamma. Amma abin da ya same ta a safiyar nan ƙaramar shanyewar ɓarin jiki ce, irin wadda take zuwa ta wuce, kuma gargaɗi ne da ke bukatar asibiti a wannan sa'ar. Na lura duk lokacin da irin haka ta faru, Inna takan ragu, ta zauna a wannan matsayin na wani lokaci, sannan ta sake raguwa.

Ƙanina ne ya matsa muka kai ta Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda muke ce wa asibitin Malam. Likitan ya zaunar da ita cikin girmamawa ya ce, "Mama, yau wace rana ce? Wane wata muke ciki?" Ya faɗa mata abubuwa uku ya ce ta riƙe, zai tambaye ta an jima. Da ya tambaya ko ɗaya ba ta kawo ba, sai ta juyo ta harare ni ta ce, "Ke, kin kawo ni yaro yana min tambayar makaranta?" Aka yi hoton ƙwaƙwalwa. Ranar da muka koma ya nuna min wasu ƙananan tabbai a hoton, ya ce kowane ɗaya wuri ne da jini ya daina isa. Ya ce, "Malama, ki ɗauka lambu ne. In kwatar ruwa ta toshe, fangalin da take shayarwa bushewa yake yi. Shekarun da jinin nan ya yi a sama su suka toshe ƙananan jijiyoyin." Ya bayyana min cewa ciwon mantuwa iri-iri ne. Wanda ya fi yawa a duniya shi ne Alzheimer, mai bi masa kuma shi ne irin na Inna, wanda lalacewar jijiyoyin jini ke kawowa, kuma sau da yawa akan samu biyun a mutum ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon mantuwa sun haura miliyan 55. Mu nan gigin tsufa muke kiransa mu ɗauke kai, alhali tsofaffi nawa ne suka haura tamanin da hankalinsu garau.

Na tambaye shi ko za ta warke. Bai ɓoye min ba. Ya ce abin da ya mutu ba zai dawo ba, aikinmu shi ne mu tsare abin da ya rage, kuma babbar hanyar ita ce riƙe jinin kada wata shanyewar ta sake zuwa. Na fito na zauna a bakin baranda na yi kuka mai isata. Ayar nan ta Suratun Nahli ce ta yi ta zuwa min, wadda ke maganar wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Na sha karanta ta, ban taɓa kawo wa raina Inna ba.

Sai maganar inda za ta zauna. Na so in ɗauke ta zuwa gidana, maigidana ma ya amince da zuciya ɗaya. Inna ta manta abubuwa da yawa, amma ba ta manta cewa ba a zama gidan suruki ba. Ta ce ko gawarta ba za a kai ba. Aka gwada gidan ƙanina, sai abin ya ƙara dagulewa: ba ta gane banɗaki, cikin dare ta naɗe kayanta ta tsaya a bakin ƙofa wai za ta gida. Mai irin wannan ciwo sauyin wuri yana ƙara ruɗa shi. Muka mayar da ita ɗakinta, muka raba kwana, ni da ƙanwata da matar ƙanina. Kowa da kyakkyawar niyya ya shigo, amma wannan rabon kwanan shi ya kusa jawo mana babbar asara.

Bai wa mai ciwon mantuwa magani aiki ne da ban taɓa zaton wahalarsa ba. Mai hawan jini da hankalinsa shi yake riƙe da maganinsa, shi zai ce yau ina jin jiri, yau ƙafata ta kumbura. Inna ba ta iya ko ɗaya. Ka tambaye ta ta sha magani, ta ce ta sha, kuma ba ƙarya take yi ba, a ranta ta sha ɗin. Wani lokaci ta karɓa ta ɓoye a kumatu, kana juya baya ta tofar. Na sha tsintar ƙwayoyi a ƙarƙashin matashi, a haɓar zani, a cikin kwallar da take ajiye goro. Wata rana kuma akasin haka: ta ga kwalin a kan taga ta ɓalle ta sha, bayan an riga an ba ta. Mafi ciwo shi ne ranar da ta kalli tafin hannuna ta ce, "Me na yi miki za ki kashe ni?" Na san ciwo ne ke magana, amma sanin bai hana maganar ta soke ni ba.

Azumin 2024 ya faɗo ne daga Maris zuwa Afrilu, tsakiyar bazara, zafin Kano yana kaiwa digiri 40. Inna ta ga ana sahur, ta ce ita ma azumi take yi, kuma babu mai ƙarfin halin hana ta. A lokacin magani uku take sha, ciki har da mai sa fitsari. Ga rashin ruwa wuni guda, ga gumi, da shan ruwa kuma a cika mata kofi da zoɓo saboda an ce yana sauke jini. Wani dare ta tashi za ta kewaya, tana miƙewa ta yanke jiki ta faɗi. Ƙarar faɗuwar ce ta tashe ni. Na same ta a ƙasa, hannunta ya juya, tana kallona ba ta ma iya cewa ga inda ke mata ciwo ba.

A asibiti aka ce tsintsiyar hannu ce ta karye. Likitan ƙashi ya ce mu gode wa Allah ba ƙugu ba ne, domin tsoho in ya karye a ƙugu da wuya ya koma yadda yake. Abin da ya girgiza ni shi ne awon jinin. Ni da nake kwana da fargabar hawa, sai ga na sama bai kai 100 ba. Likitanta ya ce in kwaso duk wani magani da ke ɗakin, kada in bar ko ɗaya. Na juye masa leda a kan tebur. Ya ware su ɗaya bayan ɗaya, sai ya ɗaga kwali biyu, launinsu daban, sunan da aka rubuta da manyan haruffa daban. Ya ce in karanta ƙananan haruffan da ke ƙasa. Duka biyun amlodifin ne, maganin hawan jini, kamfani ne kawai ya bambanta. Ɗaya na asibiti ne, ɗayan wani ɗan uwa ne ya sayo a kemis da ya ji an ce jininta ya hau, aka ɗauka ƙari ne a kan na da. Wato akan ninka mata magani ɗaya ba tare da kowa ya sani ba. Ya kuma zaro diklofenak da ake ba ta saboda ciwon gwiwa, ya ce shi da ibufurofen suna tayar da jini, suna taɓa ƙoda, suna iya sa gyambon ciki, tsoho mai hawan jini ya nisance su sai da izinin likita. Ya ce farasitamol ya ishe ta.

A ranar ya koya min abin da ban taɓa ji ba. Ya sa ta kwanta na 'yan mintuna ya auna, sannan muka tayar da ita tsaye ya sake aunawa. Ya ce in na sama ya faɗi da 20, ko na ƙasa da 10, cikin minti uku da miƙewa, to jinin yana zubewa ne in mutum ya tashi, kuma shi ke kawo jiri da faɗuwa. Ya ce, "Malama, Mama ba 'yar shekara arba'in ba ce. Ba 120 nake nema a jikinta ba. In na sama yana tsakanin 130 da 150, tana tashi ba jiri, tana cin abinci, na gamsu. Hawa yana da haɗari, sauka da yawa ma yana da nasa, kuma ƙwaƙwalwar da jijiyoyinta suka ƙuntace tana bukatar jini ya isa gare ta." Ya cire mai sa fitsarin, ya rage sauran, ya mayar da komai sau ɗaya da safe. Ya ja kunnena cewa wannan ma'aunin nata ne, wani tsohon mai ƙarfi a jika za a iya nema masa ƙasa da haka, don haka kada in ɗauki takardarta in ba wani.

Da muka dawo gida na tara ƙannena. Ban saba ɗaga musu murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na yi magana a matsayin babba. Na ce daga yau magani yana cikin akwati mai kwaɗo, hannu ɗaya ne zai riƙa bayarwa, kuma duk wanda ya kawo wani abu, na Bature ne ko na gargajiya, ko daga Makka aka zo da shi, sai likita ya gani. Wata gwaggonmu ta ji haushi ta ce, "Yanzu mu ba mu isa mu taimaki 'yar uwarmu ba ke nan?" Na durƙusa na ba ta haƙuri, na nuna mata hannun Inna a ɗaure. Ƙanina ya ce, "Yaya, duk yadda kika tsara haka za a yi." Maigidana ya ba ni izinin in riƙa sammako kullum in ba ta maganin da kaina kafin in wuce makarantar da nake koyarwa. Muka sayi littafi mai ƙaramin kuɗi muka rataye a ƙusa: kwanan wata, an ba da magani, awon jini, abin da ta ci, ta yi bayan gida ko ba ta yi ba. Wanda bai rubuta ba, bai yi ba.

Maganar azumi kuwa malamin unguwarmu na je na samu. Ya ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, babu azumi a kansa, kuma tilas ne a kanmu mu hana ta abin da zai cutar da ita. Duk da haka mukan ciyar da mabukata, da niyyar Allah Ya kai mata ladan. Abin da ya fi damuna shi ne yadda zan yi in ta ce tana azumi, domin har a watan da ba na azumi ba takan faɗa. Ba na son yi wa mahaifiyata ƙarya. Dabarar da na samu ita ce ba na musu da ita. In ce, "To Inna, Allah Ya karɓa," in fita in ɗan jima, in dawo da kunu in zauna kusa da ita in fara sha. Sau da yawa sai ta miƙo hannu. Haka ma magani. In ta ƙi, ba na dagewa, domin gardama tana tayar mata da hankali, jinin ma ya tashi. In bar ta, in dawo da wata fuskar, in ce, "Inna, ga na ƙarfin jiki," ta karɓa ta haɗiye da kunu, in ja ta da hira har in tabbatar bakin babu komai. Na taɓa tambayar mai harhaɗa magani ko in riƙa daka mata a cikin abinci. Ya ce wasu ana iya dakawa, wasu kuma, irin nifedifin mai narkewa a hankali, in aka daka su sai ƙarfinsu ya fita lokaci ɗaya jini ya faɗi warwas, don haka a tambaya kafin a daka kowanne.

Awon ma sai da na koye shi. Na'urar damtse muka saya, aka zaɓa mana madauri daidai da siririn hannunta. Da farko in ya fara matsewa sai ta fizge ta ce ana ɗaure ta. Sai na koma fara auna kaina a gabanta, ina dariya, sannan in ce saura ke. Tana zaune ta jingina, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan matashi daidai ƙirji, ta huta kamar minti biyar, ba bayan ta ci goro ba. Ba na auna ta da magariba. Masu ciwon mantuwa da yawa ruɗewarsu tana ƙaruwa in rana ta yi gora, Inna kuwa a lokacin ne take neman mayafi wai za ta ɗauko yara daga makarantar allo. In ka auna a wannan halin lambar da za ka gani za ta tsorata ka, kuma ba ita ce gaskiyar jininta ba. Likita ya hana ni ƙara ƙwaya saboda awo ɗaya ya yi sama. Ya ce in duba dalili tukuna: ko wani wuri ke mata ciwo, ko fitsari ya cika mata mara, ko ta kwana biyu ba ta yi bayan gida ba. Kuma in ruɗewarta ta ƙaru farat ɗaya, kada in ce ciwon ne ya ci gaba, a duba zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara, domin a jikin tsoho sukan zo da ruɗewa tun kafin jiki ya yi zafi. Hakan ta faru da mu, aka yi maganin ciwon mafitsara ta dawo daidai yadda take. Abin da ba a jira da shi kuwa shi ne karkacewar baki, ko sakin hannu ko ƙafa, ko sarƙewar magana. Wannan ko tsakar dare ne mota ake nema.

Abinci ya ba mu wahala ta wata fuskar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a wuni kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen da muke jefawa a miya uku-uku huɗu-huɗu yawancinsa gishiri ne. Kanwa ma tana cikin lissafi, haka yajin da aka daka da dunƙule, haka kilishi. Da muka cire komai gaba ɗaya sai Inna ta daina ci. Ta ɗanɗana ta ture kwanon ta ce ba a iya girki ba. Ta fara ramewa, wuyanta ya fito. Likita ya ce yunwa za ta riga gishiri illata ta, a rage kawai, kada a hana. Yanzu tukunya ɗaya ake yi wa kowa a gidan, gishiri kaɗan, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Miyar kuka da ta kuɓewa da zogale duk tana ci. Goro ma ban raba ta da shi ba, abokin zamanta ne tun tana amarya, sai dai ɓari ɗaya nake ba ta da hantsi in ɓoye sauran. Ruwa kuwa ba ta taɓa nema, ƙishirwa ba ta zuwa mata a tunani, sai an bi ta da kofi an miƙa, musamman da bazara.

Kuɗi ma ba ƙaramin abu ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 farashin magani da na mota suka tashi, albashin malamar firamare kuwa kowa ya san inda ya tsaya. Muka yanka wa kowane ɗa abin da zai kawo a wata. Wuri ɗaya nake saye, ina duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ina kuma karanta ƙananan haruffan nan, ko da an ce min kamfani kawai aka canza.

Akwai abin da masu jinya ba sa faɗa, ni zan faɗa. Ana gajiya. Akwai daren da na wanke ta, na canza shimfiɗa, ina gamawa ta sake ɓatawa, na shiga banɗaki na toshe bakina na yi kuka don kada in furta abin da zan yi nadama. Akwai kewar uwa alhali ga ta a zaune a gabanka. Yawanci yanzu Yaya take ce min, ta ɗauke ni yayarta da ta rasu tun ina ƙarama, tana ba ni labarin mutanen da ban sani ba, ni kuma ina amsawa. Wata rana ina taje mata kai sai kawai ta kira sunana, sunan yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba tunda aka haife ni. Na rasa abin da zan ji. Na yi murna, na kuma san ciwon ne ya cire mata alkunyar da ta riƙe tsawon rayuwarta. Cikin wannan hidimar ne, garin auna kaina don in lallashe ta, na ga nawa jinin ma yana wuce 140 bisa 90 a kai a kai. Na je aka tabbatar, yanzu ni ma kullum da safe sai na sha tawa ƙwayar, kuma na sa duk ƙannena sun je an auna su. Biyu daga ciki an same su da shi, ba wanda ya taɓa jin ko ciwon kai.

Matan layin da suka yi maganar cin amana, da yawansu sun dawo. Na daina ɓoye ciwon, duk wadda ta shigo sai in yi mata bayani, in ce ta faɗi sunanta da kanta in ta gaishe ta, kada ta ce "Hajiya kin gane ni?" domin wannan tambayar kunya take jefa ta. Wata daga cikinsu ta ja ni gefe ta ce surukarta ma ta fara irin haka, har yaran gida sun fara ce mata mayya saboda tana yawo da dare tana magana ita kaɗai. Na ce ta kai ta a auna jininta, a kuma duba ƙwaƙwalwar. Sun je.

Yau Inna tana shan magani iri biyu da safe. Awonta yawanci yana tsakanin 135 da 145 a sama, ba ta sake faɗuwa ba, ba a kuma sake samun wata shanyewar ba. In za ta tashi sai ta zauna a bakin gado tukuna, a ƙirga mata kaɗan, sannan a kama ta ta miƙe. Mun sa fitila mai caji a hanyar banɗaki, mun ɗauke tabarmar da ke harɗe ƙafa. Mantuwar ba ta tsaya ba. Ba ta iya haɗa sallah da kanta, sai in tsaya kusa da ita tana bina, amma Fatiha da Ƙulhuwallahu suna nan daram a bakinta. Ta fara sarƙewa in tana shan ruwa, kuma wannan ne zan fara gaya wa likita a zuwanmu na gaba, tare da sakamakon gwajin ƙoda da ya ce a riƙa maimaitawa. Ya riga ya faɗa min cewa in jikinta ya ƙara rauni wataƙila a sake rage maganin, kuma na shirya wa hakan.

Ƙanwata ta kusa haihuwa, kwananta zai dawo kaina, ga makaranta. Don haka na fara koya wa babbar 'yar ƙanina yadda ake awo da cika littafin, mukullin akwatin dai yana hannuna tukuna. Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Inna a addu'a, Allah Ya sa ciwon ya zama kaffara, mu kuma Ya ƙara mana haƙurin riƙe ta.